Wayar da Na Ba Yaya Assumana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Ramatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin mota kika buɗe ta, ko sai da kika sauke kaya a ɗakin da za su ba ki. Allah ya tsare miki hanya, ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, ya sa ki tarar da mutanen kirki a asibitin da aka tura ki. Innarki na gaishe ki. Tun shekaranjiya take daka miki yaji da kuka tana share ido da bakin zane, in na yi magana ta ce wai barkono ne.

Na san za ki ce, Baba da bakinsa ba ya hutawa, me ya hana shi faɗa mini ido da ido? Shekara talatin na yi gaban allo ina yi wa ƴaƴan mutane surutu, amma akwai zancen da in na dube ki ba ya fita. Shi ya sa na rubuta, na cusa ƙarƙashin dardumar sallarki. Ba zan maimaita miki abin da gwaggonninki suka cika miki kunne da shi ba, na riƙe salla da girmama manya. Na san tarbiyyar da kika samu. Zancen waya zan yi miki. E, waya, salular nan ta aljihu, kuma kada ki yi dariya. Saboda ita na kusa rasa yayana Assumana, wanda kuke kira Baba na ƙauye, uwa ɗaya uba ɗaya. A lokacin kina makarantar koyon aikin jinya, ƙarshen abin kawai kika gani. Yanzu ga shi za ki yi nisa, kin kuma ce rezo, wato sabis ɗin waya, can sai an nema. Ba na son abin da ya shiga tsakanina da shi ya shiga tsakanina da ke.

Bari in fara miki daga rediyo.

Muna yara a ƙauyenmu, can bayan Tebaram, da an gama yankan gero maza sai su watse. Wannan Abijan, wancan Legas, gari ya koma na tsofaffi da mata. Yaya Assumana ya girme ni da shekara goma sha biyu, kuma shi ya ce ni ba zan bi su ba, lakwal zan yi, wato makarantar boko. Shi ya riƙa zuwa Abijan yana tura kura a kasuwa, ni ina zaune kan benci da wandon kaki. Bai iya rubutu ba, don haka kaset yake aiko mana. Wani mai dawowa gida zai kawo ta naɗe a tsumma, wani lokaci ta yi wata uku a hanya. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a ɗauko baƙar rediyon da ya kawo, wadda kakarki ta ɗinka wa riga da guntun atamfa. Ni ne ɗan lakwal, ni ke danna maɓalli. Sai ki ji muryarsa, da ƙarar motoci a bayanta, yana gaida kowa da sunansa, tun daga Baba har jaririn da ya bari a goye, har jakinmu mai yankakken kunne. Kakarki kuwa amsawa take yi. Ya ce, "Inna, ina kwana?" ta ce, "Lahiya lau, ɗana, ka ci abinci?" Mu yi ta dariya, ta kore mu da mafici. Ya tambayi tarin Baba, alhali tarin ya warke tun watanni biyu. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar wannan zama ba.

Rediyon nan tana nan har gobe. In ta fara shaƙewa, a sa auduga da ɗan turare a goge mata kai. Da igiyar cikinta ta tsinke, Yaya ya yanko robar tayar keke ya ɗaura, ta ci gaba da aiki. Daga nan na ɗauki karatun da ya cuce ni: cewa abu in ka saya ya zama naka, kuma daɗewarsa tana hannunka, in ka kula da shi ya kula da kai. Haka keken Baba ya yi, haka keken ɗinkin innarki yake yi. Da wannan kan na shiga kasuwar Tawa sayen wayata ta farko mai shafawa, kuma nan ne kuskurena na fari.

Na saye ta yadda ake sayen ragon layya. Na auna nauyinta a tafin hannu, na ƙwanƙwasa bayanta, na tambayi ko in ta faɗi za ta fashe, na tambayi kwana nawa batir ke yi. Mai shagon ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, wannan ko jaki ya taka ta, jakin ne zai ji ciwo." Sabuwa ce fil a kwalinta, ga araha. Ban tambayi dalilin arahar ba, na ɗauka iya ciniki ne irin nawa. Na dawo gida ina hura hanci. Kuma bai yi mini ƙarya ba, ban da haufi: ta faɗi a aji, ta faɗi daga kan kabu-kabu, ko tsagewa ba ta yi ba.

Sai bayan ɓarna ta riga ta auku Ibro mai gyaran waya, wanda ke da rumfa kusa da tasha, ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce, "Mushe, waya ba rediyo ba ce. Ko tana aljihunka, igiyarta na hannun waɗanda suka ƙera ta. Lokaci lokaci suna aiko mata da sabuntawa, abin nan da muke ce wa mizajur. Kamar harawa ce ga dabba. Akwai shekarun da suka yanka za su yi suna aikowa, in sun cika su daina. Ba ranar za ta mutu ba, za ta yi ta tafiya, har ranar da manhajar aika murya za ta ce ita ta yi gaba, wayarka ba ta iya bin ta." Na ce, "Wa ya ba su izini? Da guminna na saye ta!" Ya ce, "Jikin ka saya, Mushe." Na ce to ya gyara. Ya ce ba abin da ya lalace balle ya gyara. Kai, ranar na yi faɗa har masu sayar da lemo suka taru, kamar Ibro ne ya ƙera ta. Ashe tun kafin in saya ta daɗe a kwali, rabin shekarunta sun ƙare a kan kanta.

To, ɗiyata, in za ki sayi waya, ki bar ƙwanƙwasa bayanta. Ki tambayi shekarar da ta fito, ba shekarar da ta iso shago ba. Ki tambayi shekara nawa masu ita suka yi alkawarin ci gaba da sabunta ta, da nawa suka rage. In mai shago ya kauce ya fara yabon kyamara, ki gaishe shi ki wuce. Ki bincika da kanki, kin fi ni iya wannan. Ibro ya ce wadda aka daina sabuntawa ɓarayin zamani ma sun fi saurin shiga cikinta, ke kuwa aikinki na sirrin mutane ne, matan da za ki karɓi haihuwarsu za su riƙa aiko miki da abin da ko mazansu ba su sani ba.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don shi ba jahilci ba ne, son a gani ne. Da na samu wata waya, sai na ce tsohuwar ta dace da Yaya. Na kai masa da babbar salla. Da na shiga ɗakinsa na miƙa masa mu biyu, da ba a yi haka ba. Ina! Sai da na bari aka sauko daga idi, dattawa sun cika ƙofar gida, sannan na zaro ta. So nake gari ya ga yaron da aka tura lakwal ya san alheri. Ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa wa na kusa da shi, tana yawo hannu zuwa hannu, yana cewa, "Ku dibi abin da ƙanena ya kawo min." Na koya masa inda zai taɓa, ya danne, ya yi magana, ya saki. Ya gwada sau biyu, ya saurari muryarsa, ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. Ya ce, "Salihu, ashe kaset ce ta dawo."

Kin san garinmu ba rezo sai a kan tudun nan na gabas da rijiya. Kira ba ya shiga, sai dai mutum ya hau tudu saƙonni su zubo, nasa su fita. Yaya ya mai da shi al'ada, kowace Juma'a bayan la'asar. Shekara guda na yi cikin daɗi. Asabar da safe ina shan shayi sai in kunna, in ji shi da iska a bayansa da kukan awaki, yana gaida kowa da sunansa, ke, yayarki, innarki, har mai gadin makarantarmu da ya gani sau ɗaya. Ranar nan na kama kaina ina amsa masa da ƙarfi, "Lafiya lau, Yaya." Innarki ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ka zama Inna ke nan."

Abin da ban lura da shi ba, kuma har yanzu mutanenmu ba su lura ba: mu sabuwar waya tana zuwa hannun wanda ya iya karatu, tsohuwa kuma mu tura ta ƙauye, hannun wanda in ta rubuto masa gargaɗi ba zai iya karantawa ba. Ki duba gidajen unguwarmu ki gani, duk wayar da ta gaji tana hannun tsoho ko tsohuwa, su da ba su da wata hanyar jin ƴaƴansu sai ita. In za ki ba babba kyauta, ki ba shi a ɗaki, ba mai gani. Ki ce masa in ta ba da matsala ya faɗa. Sannan kada ki yarda da "lafiya lau" ɗinsa, ki karɓa ki duba da idonki duk lokacin da kuka haɗu.

Yanzu ga babban. Bayan shekarar nan mun ɗan yi sa-in-sa da Yaya kan gonar Baba ta bakin fadama. Wasu masu noman albasa sun nemi a ba su haya, ni na ga dacewar haka, shi ya ce muddin yana numfashi ba baƙon da zai sa fartanya a wurin. Na aika masa da murya na ce, "Yaya, zamani ya wuce nan." Maganar ba ta kai ta kawo ba, amma ba irin wadda ƙane ke faɗa wa wa ba ce. Juma'a ta zo, shiru. Wata ta zo, shiru. Na ce a raina, oho, ya yi fushi, zai huce.

Ana cikin haka maganar auren yayarki ta taso. Kin san a gidansa aka yaye ta, ta zauna can har ta kai shekarun lakwal. Ko sunanta ni ba na faɗa, ƴar fari ce, shi ke kiran ta yadda ya ga dama. A wurinmu ba uba ke ba da aure ba, wansa ko ƙanensa ke bayarwa, kuma duk duniya ba wanda ya cancanci ya zama waliyyinta sai shi. Yadda muka gada, mutum ya tashi da ƙafarsa ya je, ko ya aiki dattijo da ƙullin goro. Ni kuwa na ce ina fama da takardun ritaya, ba ni da lokaci. Ƙarya ce, girman kai ne. Na danna waya na yi sallama, na gaishe shi da ladabi, na faɗa masa rana. Shiru. Na sake aikawa. Na aika na uku. Na kira, aka ce ba a samun lambar, abin da na san kullum haka ake cewa, amma ranar sai na ji shi kamar zagi.

Na nuna wa Mushe Hamidu, abokin aikina da muke shan shayi tare. Ya gyara tabarau ya ce, "Alama ɗaya ce ta fito, saƙon bai shiga ba. Ko dai bai samu rezo ba, ko kuwa ya toshe ka." Abu biyu ya ajiye mini, Ramatu, na miƙa hannu na ɗauki mafi muni. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, wai shi ne ya san yadda ake toshe lamba! Innarki ta ce, "Malam, ka hau mota ka je mana, tafiyar rabin yini ce." Na ce ni ba zan je roƙo ba. Yayarki ta ce ita za ta je, na daka mata tsawa. Sannan na shiga ɗaki na aika saƙo na huɗu, wanda ba zan rubuta miki abin da ke cikinsa ba.

Ranar ɗaurin aure na zauna a kan tabarma ina kallon bakin titi. Duk motar da ta tsaya sai in ɗaga kai in duba. Ba shi, ba kowa daga ƙauye, don ta bakinsa dangi za su ji. Liman ya ce, "Ina waliyyin amarya?" Hamidu ya matso ya ce shi ne. Aka shafa fatiha. Yayarki ta yi kuka ranar har muryarta ta dushe, mata suna cewa kukan amarci ne, ni da innarki mun san ba shi ba ne.

Damina guda da rani guda muka yi ba mu ji juna ba. Salla ta zo ban je ba. Ina kwanciya da abin, ina tashi da shi, ina ƙara wa kaina hujja. Abin da ya karya ni, yayarki ce ta haihu, namiji. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba ta aiko innarki ta ce a faɗa mini, ba za a yanka ragon suna ba sai Babanta na ƙauye yana zaune. Washegari da sassafe na hau motar kasuwa ta hanyar Afala.

Na tarar da shi a inuwar zaure yana tufka igiyar guga. Ya tsufa, Ramatu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, gida, iyali, dabbobi, gajiya, ba wadda aka tsallake, amma ko sau ɗaya bai dube ni ba. Da aka kawo ruwa na sha, sai malantar ta motsa. Na ce, "Yaya, saƙo huɗu na aiko maka. Ko laifi na yi maka, yarinyar me ta yi?"

Ya ajiye igiya, ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wata ƴar jakar fata, ja da kore, irin ɗinkin Buzaye, da ya sa aka yi mata. Ya buɗe ya miƙo mini wayar. Ko ƙwarzane babu, batir cike. Na taɓa manhajar, sai ga rubutu da Faransanci ya rufe fuskar: wai wannan ta daina aiki, a sabunta. Na danna sabuntawa, ta ce wayar ba ta iya ɗauka.

Na ce, "Tun yaushe take haka?"

Ya ce, "Tun kahin a yanke gero bara. Kullum Juma'a ina hawa tudu. In taɓa, wagga takarda ta hito, in jira har rana ta yi ja, in sauko."

Na ce, "Haba Yaya! Ba ka nuna wa kowa ba? Ga malamin lakwal a garin nan, ga masu zuwa Tawa kowane mako!"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "In nuna ma wa? Gaban jama'a ka ba ni ita. In tahi in ce ƙanena ya ba ni matacciya? Kuma na ce ko ni na taɓa wani wuri na ɓata ta. Da wane baki zan aiko maka in ce na ɓata kyautarka?"

Ashe duk ranar kasuwa yana ba da ita a yi mata caji, yana zuwa masallaci da ita a aljihu. In aka tambaye shi labarina, sai ya dafa aljihun ya ce, "Lahiya lau, mun yi magana." Labarin auren kuwa a kasuwar Tebaram ya ji, wani direba ya tare shi yana yi masa barka. Ya amsa barkar, ya sayi abin da ya kai shi, ya koma gida ya kwanta kwana biyu. Ya ce mini, "Na ce hushin gona ne. Kuma ɗiyarka ce, ni riƙo na yi."

Don in wanke kaina, na ciro tawa wayar na kunna masa saƙonnin. Na farko, ya saurara yana gyaɗa kai. Na biyu. Na uku, inda na ce, Yaya, ba wanda zai ba da ita sai kai. Nan na ga ya kau da fuska. Ban ankara ba na huɗu ya kama da kansa. Na yi wuf zan kashe, ya riƙe mini hannu ya ce, "Bar shi." Muka zauna ni da shi, muna jin muryata tana cewa ya ci amanar zumunci, tana cewa abin da ya kashe mini a lakwal ya faɗi nawa ne. Subhanallahi. Da ya ƙare sai ya ce, "To, wanga kam, Allah ya yi wa wayar albarka da ta ƙi kawo shi." Ya yi ƴar dariya. Ni kuka na yi, da furfurata, a zauren ubana, ban ji kunyar kowa ba.

Ki ji ni da kyau. Abin da ya kai a yi masa tattaki, ki yi masa tattaki: aure, rasuwa, neman gafara. Waya ta kai labari, amma ba ta zauna a madadinki ba. In kina cikin fushi kada ki danna abin ɗaukar murya, don fushin zai tafi, muryar tana nan. In kuma wani naki ya yi shiru, aka ajiye miki dalili biyu, ki ɗauki mai sauƙin, ki bincika. Halina kika ɗauko, na sani, tun kina ƙarama in aka ɓata miki rai abinci kike ƙi, ki zauna ki ƙulla labari a kanki har ki yarda da shi. Wannan hali ya ci mini shekara guda daga cikin ƴan shekarun da suka rage mini da yayana.

Ya zo suna, kin gan shi, shi ya yi wa jaririn huɗuba. Ya yafe mini tun a zaure. Amma har yau bai taɓa tambayata wa ya tsaya a matsayinsa ranar auren ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, kuma in Hamidu ya shigo gidan nan yana nan, sai ya tashi ya ce zai duba alwala. Na saya masa wata wayar, wannan karon da Ibro a gefena, na ba shi a ɗaki. Mun yi yarjejeniya: in Juma'a biyu suka wuce ba murya, direban motar kasuwa zai kai saƙon baki, ba jira, ba zato.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami, na yi ta kewaye-kewaye.

Wayar da ke hannuna, kin san wadda ta ba ni. Taki ce, kika ba ni ranar da kika sayi sabuwa, kika zauna kika zuba mini lambobi ɗaya bayan ɗaya, kika sa hotonki da na yayarki a fuskar. Yau kwana goma sha biyu ke nan ta fito mini da rubutu: daga ƙarshen watan nan manhajar aika murya ba za ta ƙara aiki a kanta ba. Na iya karatu, na karanta sarai, na kuma san ma'anarsa fiye da kowa a garin Tawa. Kin san abin da na yi? Na kashe fuskar na mayar da ita aljihu. Ran Talata kina ɗaure kaya kika ce, "Baba, wayar lafiya dai? Can murya zan riƙa aiko maka." Na dafa aljihu na ce miki, "Lafiya lau, kamar sabuwa." Sai da kika fita na ji abin da bakina ya faɗa, na ga inda hannuna yake. Na zauna a bakin gado. Ni da na yi wa Yaya "haba", ashe ba a iya faɗa. Kyautar ɗiyarka ce, ta ba ka da farin ciki, harshe ba ya juyawa.

To na faɗa. Ramatu, wayar da kika ba ni ta zo ƙarshe. Ba laifinki ba ne, ba ni na ɓata ta ba, kuma na ji daɗinta kowace rana. Ba cewa nake ki saya mini wata ba, kada ki kuskura, zan je wurin Ibro da kaina. Kafin nan ki riƙa aiko muryarki ta wayar yayarki, za ta kawo mini in ji. In wata rana kika ji ni shiru, yanzu ko nan da shekara goma, ba fushi ba ne. Ba abin da za ki yi a duniya da zai sa in toshe ki. Ki aiko mutum ya duba ni.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki fara aiki a sa'a, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk matar da ta zo gabanki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na zuciya, ya dawo mana da ke muna raye. In kin karanta, kada ki tayar mini da zancen nan, ni ma ba zan tayar ba. Ki dai gaishe ni da sunana a cikin saƙon farko, zan amsa ko ba kya ji.

Wassalam.

Mahaifinki,
Salifu